Buhu Mai A.M.

Da hantsi 'yan sa-kai suka shigo Tudun Kanya da wani buhu, mutum biyu na riƙe da kunnuwansa, suka dire shi a ƙofar mai gari kamar sun kawo gawa. Rabin buhu ne na garin masara. A gindin ɗorawar bakin daji suka tsince shi, an lulluɓe shi da ganye, yana jiran masu zuwa ɗauka. Kowa kuwa ya san su wa ke zuwa ɗaukar kaya a wannan wuri.

A jikin buhun an rubuta haruffa biyu da shuɗin fenti: A.M.

Sai ka san halin da garin ke ciki kafin ka gane abin da ya sa mata suka fara janye 'ya'yansu cikin gida. Damina ta yi nisa, masara ta fi mutum tsawo, ba ka sanin wanda ke tsaye kusa da kai a gona sai ya yi tari. Makonni kenan da mutanen daji suka ɗauke Hussaini a gonarsa ta waken suya. Bayan haka aka taru a ƙofar mai gari, Musulmi da Kirista, kowa ya dafa littafinsa aka yi rantsuwa: duk wanda ya kai wa daji abinci, ko man fetur, ko labari, a kai shi bayan dutse. A garuruwan da ke kewaye an kai mutane bayan dutse, ba kuwa wanda ya sake cin tuwo da su. Murtala, ƙanen Hussaini, shi ya kawo maganar rantsuwar, shi ne kuma shugaban 'yan sa-kai. Tun da aka ɗauke wansa ba wanda ya ga haƙorinsa.

Murtala ya sa bakin bindiga ya nuna haruffan.

"A.M.," ya ce. "Amos Mark. Gonar wa ce ta jingina da ɗorawar nan?"

Kowa ya san ta Amos ce. Kafin a ce haka har an jawo Amos daga gona da laka a ƙafarsa, an ɗaure shi a jikin darbejiyar ƙofar mai gari. Dattijo ne mai furfura, mai sanyin magana. Yana ta cewa, "Me na yi? Jama'a, me na yi?" har wani matashi ya rufe masa baki da mari.

Nan ne Maiwada ya kutso. Tsohon mafarauci ne, da bin sawu aka san shi tun daga Gozaki har Kafur: in aka sace sa ko babur, shi ake kira ya karanta ƙasa. Shi da Amos tare suka yi kiwon awaki suna yara. Kuma shi ne surukin Hussaini, don autarsa Sa'adiya ke aurensa.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa mai gari, "a kashe mutum a kan haruffa biyu?"

Mai gari ya dubi Murtala kafin ya dubi Maiwada, abin da ya nuna wa kowa inda mulki ya koma. Da ƙyar ya ce, "A ba shi zuwa la'asar."

"La'asar ɗin kuwa," in ji Murtala. "Amma Baba Maiwada, ka bi a hankali. Ɗanka da ke tuƙa keke a Funtua, Abdussamad Maiwada ne sunansa. Shi ma A.M. ne."

Maiwada ya juya ya kama hanya.

*

Gidan Amos ya fara zuwa. Ya sami matarsa Rahab zaune a tsakar gida, ta tasa turmi gaba, ba ta daka ba ta tashi. Maƙwabtan da suka saba cika mata gida duk sun ɗauke ƙafa.

"Baban Sa'adiya, za su kashe shi?"

"Nuna min buhunanku tukuna."

Ta kai shi ɗakin ajiya. Buhuna ne a jere, kowanne da A.M. a cikinsa, kuma da shuɗin fenti. 

"Ragowar fentin ƙofar coci ne," in ji Rahab. "Da shi yake rubutawa, don kada a haɗe mana kaya a mota in za a kai Funtua. Kowa ma haka yake yi."

"Jiya ina ya kwana?"

"Ina zai kwana? Gwiwa ta hana shi sakat. Ko jarkar ruwa ba ya ɗauka, balle rabin buhu."

"Yaushe rabonku da niƙan masara?"

Ta buɗe masa tukunya. Garin dawa ne ja. "Masararmu ta ƙare tun shuka. Dawa muke ci."

Maiwada ya yarda da ita, amma ya san Murtala zai ce mace ba za ta tona mijinta ba. Zai fita ta kama bakin rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ina jin tsoro," ta ce. "Tun da aka haife ni a garin nan ban taɓa jin tsoron mutanensa ba sai yau."

*

Wani A.M. ɗin kuma shi ne Alhaji Mudi, mai sayen hatsi, wanda motocinsa ke ratsa hanyar daji ba a taɓa tare su ba. Mutane sun daɗe suna gunaguni a kan wannan. Maiwada ya same shi a ƙofar sitonsa yana jan carbi da sauri kamar ana binsa.

"Na san abin da ya kawo ka," in ji Alhaji tun kafin a gama gaisawa. "Ni da baƙin fenti nake rubutawa, je ka duba. Kuma ni tsaba nake sayarwa, me ya haɗa ni da gari?"

"Ka taɓa sayar da tsofaffin buhuna?"

"Kullum! Wa zai hana wani ya shafa shuɗi a kai?" Ya share gumi da hannun riga. "Kai ma Malam Maiwada, ka manta da ƙungiya? Irin masarar da aka raba mana bara, a cikin wane buhu ya zo?"

Maiwada ya yi tsaye cak. Kai, tsufa! Ƙungiyar Amanar Manoma. Da aka kawo iri, samari ne suka zauna suka rubuta A.M. a kowane buhu, kuma Amos ne ya ba su fentin. Shi kansa akwai irin buhun a gidansa, an shimfiɗa shi a kan akurkin kaji.

"Ka ga kenan rabin gari A.M. ne," in ji Alhaji. Ya rage murya. "Don Allah kada ka ambaci sunana a wurin yaran nan. Idonsu ya rufe. Ina da iyali."

Maiwada ya tafi yana tunani. Haruffan da a da suka nuna mutum ɗaya, yanzu sun nuna kowa. Wannan ba zai kwance Amos ba. Mutanen da tsoro ya cika wa ciki ba sa sakin wanda ke hannu sai an ba su wani.

*

Ya nufi ɗorawar shi kaɗai. Ba wanda ya ce zai raka shi, shi ma bai nema ba. Tun da ya shiga cikin masara ya daina jin motsin gari. Ganye na goga masa fuska, kowane kwaram sai ya tsaya ya kasa kunne. 

Gindin bishiyar ba abin karantawa, 'yan sa-kai sun tattake shi kamar an yi dambe. Sai ya ja baya ya yi ta kewayawa, yana faɗaɗa zagayen, har ya isa wani kwari inda ruwan shekaranjiya ya bar laka. Ya durƙusa.

Ba tayar babur. Ba kofaton jaki. Sawun silifas ne ƙarami, ya nutse sosai wajen zuwa, ya yi sama-sama wajen komawa. Taku gajere, a jere tsaf, irin na mai kaya a ka. Namijin garin nan a kafaɗa yake saɓa buhu, ko ya ɗaure a babur.

Mace ce.

Ya bi sawun baya-baya. Ya ratsa gonar Amos, amma bai karkata wajen gidan Amos ba, cikin gari ya dosa. Ba a yi nisa ba ya ga inda aka sauke buhun aka huta. Gaba kaɗan, aka sake saukewa. A wuri na uku ya ga shatin tafin hannu a laka, inda ta dafa ƙasa ta miƙe. Ya sake duban sawun da kyau. Kawunan silifas ɗin sun buɗe waje, dama da hagu, tafiyar mai tsohon ciki.

Maiwada ya zauna daɓas a kan kunyar gona. Mata masu tsohon ciki a Tudun Kanya ba su da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu 'yarsa ce, shi ya yanka mata ragon suna.

"A'a," ya ce a fili. "Ya Allah, a'a."

A bakin hanyar burji sawun ya ɓace.

*

Rana ta karkata lokacin da ya koma ƙofar mai gari. Amos na nan a ɗaure, kansa ya langaɓe, leɓensa ya kumbura. Maiwada bai iya haɗa ido da shi ba. Ya ce a shigar masa da buhun zaure, a bar shi shi kaɗai.

Ya kwance bakin, ya damƙo garin ya murza. An surfa masarar, an wanke, an niƙa, an tankaɗe ta da rariya mai laushi. Haba! Wane mai kai wa ɓarayi abinci ne zai zauna yana musu tankaɗe? Ya tura hannu har kafaɗa. A can ƙasa ya taɓo ƙulle-ƙulle a leda. Kuka. Daddawa. Sai wani ƙaramin ƙulli a cikin tsumman atamfa.

Ya kwance. Yaji ne, amma fari-fari. Ya dangwala ya kai harshe: ƙuli-ƙuli, kanumfari, gishiri, 'yar citta. Ba barkono ko ƙwaya.

Duk Tudun Kanya mutum ɗaya ne ke cin wannan. Hussaini na da gyambon ciki, barkono kaɗan sai ya kwantar da shi, shi ya sa matarsa ke daka masa nasa daban. A majalisa har tsiya ake masa, ana ce wa abin yajin jarirai.

Maiwada ya ƙulle tsumman ya sa a aljihu. 

*

Ya sami Sa'adiya a ɗakinta, ta jingina da bango, ƙafafunta sun kumbura. Bai yi mata tambaya ba. Ya ajiye ƙullin a gabanta kawai.

Ta dube shi, ta fashe da kuka marar sauti.

"Baba, sun kira ni. Suka sa min shi a waya. Ban gane muryarsa ba sai da ya ce, Sa'a, cikina. Suka ce su ba sa ciyar da kowa, mai son nasa ya rayu ya kawo."

"Ke kaɗai kika ɗauka? Da wannan cikin?"

"Wa zan gaya wa? Murtala?"

"Buhun fa?"

"Shi na tarar a rataye. Na ƙungiya ne. Wallahi ko kallon rubutun ban yi ba."

"Kin san wanda ke ɗaure saboda shi?"

Ta rufe fuska da mayafi. "Na sani. Tun safe nake cewa in tashi in je in faɗa, ƙafafuna sun ƙi. Baba, tsoro nake ji. Za su kai ni bayan dutse?"

Abin da ya zo wa Maiwada a rai a lokacin, ba abin faɗa ba ne, amma ya zo. Ba wanda ya ga sawun nan sai shi. Ba wanda ya san da ƙullin. Ya je ya ce ruwa ya wanke ƙasa, shi ke nan. Amos ya tsufa, ya ci zamaninsa. Wannan kuwa rai biyu ce. Ya ji kunyar kansa, amma tunanin bai tafi ba, ya zauna masa a ƙirji.

"Kada ki fito," ya ce. "Ko me kika ji, kada ki fito."

Ya ɗauki ƙullin ya fita, shi kansa bai san abin da zai faɗa ba.

*

Da aka idar da la'asar gari ya hallara. Maiwada ya sa an yi shela cewa duk mai buhu da A.M. a jiki ya kawo. Da farko ba wanda ya motsa. Sai shi ya fara jefa nasa, da kashin kaji a jiki. Rahab ta kawo nasu. Alhaji Mudi ya turo nasa yana salati. Daga nan aka yi ta kawowa, har da na gidan mai gari, har da na gidajen 'yan sa-kai, tuli guda.

"Ga A.M. nan," in ji Maiwada. "Amos Mark. Alhaji Mudi. Amanar Manoma. Ɗana Abdussamad. Wanne za a kai bayan dutse?"

Aka yi ta gunaguni. Murtala bai ko dubi tulin ba.

"Baba Maiwada, ba wasan yara muka zo ba. Buhu bai kai kansa daji ba. Ka je ka ga ƙasa. In kana da suna, faɗi. In ba ka da shi, wanda ke hannu ya ishe mu."

Samari biyu suka fara kwance igiyar daga jikin bishiya, ba daga hannun Amos ba. Rahab ta ƙwalla ƙara. Amos ya ɗago kai da ƙyar, ya nemo Maiwada da ido cikin taro. Bai roƙe shi ba. Kallonsa kawai ya yi.

Maiwada ya buɗe baki, maganar ruwa ta wanke ƙasa tana kan harshensa. Ya haɗiye ta.

"Ba Amos ba ne," ya ce. "Na san mai shi. Amma ba ni zan faɗa ba, kai za ka faɗa. Miƙo hannunka."

Ya kwance ƙullin, ya zuba kaɗan a tafin Murtala.

"A ƙasan buhun na samo. Lasa."

Murtala ya yi masa kallon mahaukaci, sannan ya lasa. Ya tsaya. Ya sake lasa. Mutanen da ke kusa suka ga fuskarsa ta sauya, kamar wanda aka yi wa albishir da ta'aziyya lokaci guda.

"Na Yaya ne," ya ce, muryarsa can ƙasa. Ya dubi buhun da ya ɗauko da hannunsa da safe. "Abincin Yaya na ɗauke?"

Maganar ta ratsa taron daga gaba zuwa baya. Ba wanda ya ambaci sunan mai dakan, ba a buƙata. Sai wani matashi mai gora ya ɗaga murya.

"To, rantsuwa fa? Don ta gidanku ce? Da Amos ne da yanzu an gama!"

Wasu suka ce gaskiya ne.  Maiwada ya waiga don ya ga ta inda za su bi zuwa gidan 'yarsa, sai ya hango Sa'adiya. Ta fito. Tana tsaye a bakin taron mata, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a bango. Matan da ke kusa da ita suka dare.

A daidai wannan lokacin ne wayar da ke ƙulle a bakin zaninta ta fara ƙara.

 Kowa ya san masu kira: sun je gindin ɗorawa ba su ga kaya ba. Sa'adiya ta kasa kwance ƙullin, yatsunta sun ƙi. Murtala ya taka zuwa wurinta, bindiga a hannu, mutane na buɗa masa hanya. Maiwada ya yunƙura zai shiga tsakani, aka riƙe shi.

Murtala ya tsaya a gabanta. Ya jingine bindigar a bango, ya miƙa hannu. Da ƙyar ta kwance, ta ba shi wayar.

"Ƙanensa ne," ya ce a cikinta, a gaban duk waɗanda ya sa suka yi rantsuwa. "Kada ku taɓa shi. Ni zan kawo."

Ya kashe wayar, ya juyo ya dubi mai gora.

"In na dawo, ga ni. Ku fara da ni."

Mai gora ya sunkuyar da kai. Wani ya sa wuƙa ya yanke igiyar hannun Amos, ba tare da an ce ya yanke ba. Taro ya fara watsewa, kowa na tsintar buhunsa yana naɗewa a hammata, ba mai kallon wani. Ba kuma wanda ya ce wa Amos ya yi haƙuri.

*

Amos bai iya taka ƙafa ba, sai Maiwada ya goya shi, Rahab na biye da takalmansa a hannu. Sun wuce masallaci, sun wuce injin niƙa. Dab da ƙofar gida Amos ya yi magana a kunnensa, da kumburarren baki.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin la'asar."

"Da suka fara kwance ni daga bishiya, na ga ka buɗe baki ka rufe."

Maiwada ya ci gaba da tafiya.

"Me ka so faɗa da farko, Maiwada?"

Maiwada ya gyara masa zama a bayansa, ya sunkuya don kada kan Amos ya bugi ƙofa. Ya shigar da shi ɗaki, ya kwantar da shi a kan tabarma, ya karɓi ruwan ɗumi daga hannun Rahab ya shiga gasa masa wuyan hannu. Amos bai sake tambaya ba. Ya juyar da fuskarsa wajen bango.